Garin Dutse a Turmin Ikilima

Tun daga ƙofar gida Ikilima ta jiyo tarin 'yarta Rabi, irin mai fito ɗin nan da ya kwantar da yarinyar a asibitin Wudil bara. Ta dire bokitin ruwa ta faɗa ciki.

Tsakar gidan ya yi fari. Nu'uman, ƙanin mijinta mai karatun kimiyya a jami'a, ya duƙa kan turminta yana kirɓa wani dutse mai ɗan ja-ja, yana tankaɗe garin da rariyarta. Rabi na zaune a gindinsa, har gashin idonta ya yi fari.

"Nu'uman! Me nake gani haka?"

"A'a, matarmu, kin dawo? Aikin kammala karatu ne. Akwai fotasiyam a dutsen nan, irin na takin zamani, sai dai silika da alminiyam sun riƙe shi gam. Sai na daka na gasa da gishiri yake sakuwa. Ba guba ba ne fa."

"Na tambaye ka guba ne? Numfashinta nake ce maka!"

Ya yi dariya. Tun zuwanta gidan nan na Dagumawa wasa ne tsakaninsu, ta tsokane shi ya rama, don haka ya ɗauka yau ma shi ne.

"Haba rowa! Don ɗan turmin naki?"

Ta sure Rabi ta goya, ta koma ta ɗauko bokitin ta sheƙa a turmin, ragowar ta watsa a ƙasa har ƙurar ta kwanta. Dariyarsa ta ɗauke.

"Ikilima, tun daga Lajawa na ɗauko shi!"

"Ko daga Makka ka ɗauko. Likita ya ce ko shara kada a yi tana kusa, kana tsaye aka faɗa."

Surukarta ta leƙo daga ɗaki. "Ke Ikilima, ƙanin miji ake ɗaga wa murya haka?"

"Inna, ki gafarce ni. Kasa kunne ki ji bayana."

Inna ta kasa kunne. Ƙirjin yarinyar na ta kuka, tana jan iska da ƙyar. Inna ta saki labulen da ke hannunta.

Nu'uman ya ajiye taɓarya, ya fara kame-kame yana ba da haƙuri.

"Riƙe haƙurinka," in ji Ikilima, tana ƙara ɗaure goyon. "Tayar da babur, asibiti za mu."