Rasit Uku da Suka Koɗe

…kuma matar nan da ta tsaya min, ban ma gode mata yadda ya kamata ba. Hannunta kawai na riƙe a bakin ƙofar bankin, ina ta girgizawa kamar wadda ta zo ta'aziyya, ita kuwa sai cewa take in je in ci abinci. In ci abinci… Yaushe rabon da in ji ɗanɗanon wani abu a bakina? Ga ni zaune a kan buhun fulawa a bayan gidan burodina, takardar tana kan cinyata. Sau huɗu na karanta. Bari in ƙara.

"Bankin ya amince cewa kuskuren daga wajensa yake."

Daga wajensa. Ba daga wajena ba. Ba kuma daga wajenka ba, Auta.

Injin kwaɓi yana ta gurnaninsa. Baba mai kwaɓi yana leƙo ni ta ƙasan ido, yana so ya tambaya, yana tsoron amsar. Ga tanderun can yana huci, fitilarsa ja a kunne — yana nan. Ba wanda zai zo da babbar mota ya kwance shi. Wata bakwai ina kallonsa kamar mara lafiyan da likita ya cire wa rai, yau kuma ga shi, ƙarfe ne kawai, yana gasa burodin yamma. Numfashina har ciki yake sauka. Ashe haka mutane suke numfashi?

Wata bakwai. Ranar da wasiƙar farko ta zo hannuna duk ƙullu ne, da haƙori na yage ambulan. Wata uku ba a biya bashin tanderu ba, in ji su. Ga tara a kai, ga ruwa a kan tarar. In ba a biya ba za su ɗauke abin da aka ba su jingina. Wata uku? Ni da nake ƙirga kuɗin da hannuna duk ƙarshen wata, in ɗaure da roba, in miƙa maka? Shekara shida kai kake kaiwa. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, magidanci da 'ya'ya biyu, wanda ya bar tuƙin mota ya zo ya riƙe min wannan wuri lokacin da mijina ya rasu…

A nan na tsare ka. Daidai inda tiren nan yake. Gaban Baba mai kwaɓi, gaban matan da ke ɗaure leda, gaban direban da ya kawo sukari.

Ka ciro su daga aljihun gaba. Rasit uku, irin siririyar takardar nan da inji ke tofarwa, wadda rubutunta ke gudu in ta sha zafi. Aljihun mai aiki a bakin tanderu kuwa, ina za ta tsira? Fari fat. Ka ce, "Yaya, ga su." Na ce farar takarda za ka nuna min? Na ce ni za ka yi wa wayo? Na ce — a'a. Ba zan maimaita ba, ko a zuci. Magana zarar bunu ce. Na watsa su ƙasa. Ka dube ni, ka cire mukullin sito daga cikin naka, ka ajiye a kan teburin awo, ka fita. Ko ƙofar ba ka buga ba. Da ka buga da na fi samun sauƙi.

Yunwa nake ji. Ikon Allah, yunwa ta gaske. Bari in gutsuri wannan da bai tashi da kyau ba… da zafinsa. Gishiri ya ɗan yi yawa. Ka ga, har na fara jin gishiri.

Ina ne ban je ba? Teburin ƙorafi na bankin, sau biyar. Lamba a hannu, benci mai sanyi, wani ma'aikaci da ya ɗaura laktaye a wuya yana juyo min da fuskar kwamfuta: ga shi nan, babu. Kwamfuta ba ta ƙarya, in ji shi. In cika fom. Na cika. In dawo mako biyu. Na dawo, an canja shi, sabon bai san zancen ba, in cika fom. Wa zan kai ƙara, wajen wa? Wanda ya mare ni shi ne alƙalin. Sai mijin ƙawata ya haɗa ni da wani mai babbar riga da turare, wai ya san na ciki, a ba shi kashi ɗaya cikin goma tun kafin ya ɗaga waya. Lauya kuma, kuɗin buɗe fayil kaɗai ya kai fulawar mako biyu. Na fara tambayar nawa za a sayi motar rabon burodi. Na rage mata biyu daga aiki — ɗaya da goyo. Gobe zan aika a kira su. Gobe da sassafe. Kai, yau ma.

Mai kantin fenti ce ta faɗa min, maƙwabciyata, muna tsaye muna jiran a kawo wuta. Wai akwai wani ofis a saman kantin magani, ƙungiyar masu ƙananan sana'o'i ce ta kafa shi, suna duba rigimar mutum da bankinsa. Ba sa ba da bashi, ba sa karɓar kaso, ba bankin da ke biyansu. Dariya na yi. A duniyar nan? Wanda ba ya cin komai a ciki, me zai sa ya wahala?

Matakala ashirin da biyu, gwiwata ta ƙirga. Ɗaki ɗaya, fanka mai ƙara, kujerun roba, tulin fayil har bakin taga. Mai ofishin kuma ƙaramar mace ce, gilashi rataye a wuya, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Shekara goma sha takwas ta yi a wani banki kafin ta bari. Da na ji haka na tattara jakata. Kifi na ganinka mai jar koma. Na ce ke ta wa ce?

"Ni ba ta banki ba ce. Amma ba zan faɗa miki abin da kike so ki ji don ki ji daɗi ba. Zauna."

Na zauna. Me ya sa na zauna? Wataƙila don ita kaɗai ce ba ta yi min alkawari ba.

Awa biyu tana bin takarduna da bakin biro, layi layi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ba wanda ya taɓa karanta min yarjejeniyar nan. Ni ma ban karanta ba, hannu kawai na sa inda aka nuna min, ina ɗokin tanderu. Ta ce ga wani wata, bara, da na makara kwana tara, wannan tarar halal ɗinsu ce, in biya. Lokacin da janareta ya ƙone ne. Na fara bayani, ta ce ta ji, amma in biya. Ta ce ga inda na yarda su ƙara ruwa in kasuwa ta canja, shafi na shida, ƙananan baƙaƙe, wannan ma ba abin da za a yi. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, ai ga shi, jirgi ɗaya ya kwaso su. Sai ta cire gilashin.

"Wa ke kai kuɗin? Ina rasit?"

Na ce babu. Na ce farare ne. Na ce… ƙanena ne, kuma mun rabu a kan haka. Ba ta yi min wa'azi ba, ba ta girgiza kai ba. Cewa ta yi in nemo su, ko farare ne.

A ina zan nemo abin da na watsar wata biyar da suka wuce? Shara ta ci. Haka na faɗa wa Inna da na je duba ta, ina shafa mata man zafi a ƙafa, ina magana don kada shirun ya kashe mu — tun ranar ba ta ƙara ambaton sunanka a gabana ba, ni ma ban ambata ba, muna ta zagaye shi kamar rami a tsakar ɗaki. Ta ce in miƙo mata gwangwanin allurarta. Ƙarƙashin zare da maɓallai, ga rasit ɗin nan uku a naɗe cikin leda. Baba mai kwaɓi ne ya tsince su a ranar, ya kai mata. Wannan tsohon da ke leƙo ni yanzu. Wata biyar yana gaishe ni kullum da safe, bai taɓa cewa uffan ba.

Gaban fari ne, ko yanzu fari ne. Amma da na kai wa matar ofishin, juya su ta yi. Ni ban taɓa juya su ba. A baya, da biro shuɗi, rubutunka mai kwanciya gefe: kwanan wata, ƙarfe nawa, tagar karɓar kuɗi ta nawa. Kowanne. Ta ce wannan ya ishe ta. Ta rubuta musu wasiƙa, ba zagi, ba roƙo, shafi ɗaya: a fito da lissafin taga ta uku na ranaku kaza da kaza da kaza, kuma doka ta ba su kwana kaza su amsa, in ba su amsa ba ga hukumar da za a kai. Ashe akwai kwanakin da dole su amsa? Ashe akwai wanda ke sama da su? Shekara nawa ina shiga wurin nan ina sunkuyar da kai kamar na zo bara, alhali kuɗina ne a ciki…

Sun yi shiru. Ta sake rubutawa. Suka ce suna bincike. Ta kira, ta kira, tana rubuta sunan duk wanda ya ɗauka da lokacin da ya ɗauka. Ni har na gaji, na ce mata ko in sayar da motar in huta. Ta ce motar tawa ce, shawarar ma tawa ce, amma in ita ce za ta ƙara mako biyu.

Yau. Ɗakin gilashi, sanyi kamar cikin firji, manajan da wata bakwai ban samu ganinsa ba ya miƙe tsaye yana ba ni kujera. Har da ruwan roba. Wai lokacin da suka canja tsarin kwamfutarsu aka juya lamba biyu a asusun bashina. Kuɗin sun shiga, duk wata ukun, a ranakun da ka rubuta, a tagar da ka rubuta, suka tafi wani asusu da ake tara kuɗin da ba a san mai su ba. Suna can kwance. Wata bakwai suna kwance lafiya ƙalau, ni ce ban kwanta ba. Yana ta murza hannu, yana cewa a yi haƙuri, za a gyara. Ni har na fara cewa ba komai — ji ni fa, ba komai! — sai matar ofishin, da ta raka ni, ta taɓa min gwiwa ta ƙarƙashin tebur. A rubuce, ta ce. A cire tarar da ruwanta, a goge sunana daga jerin marasa biyan bashi, a sa hannu, a buga hatimi, yau. Muka jira minti arba'in. Ta ciro gyaɗa daga jaka tana ci, kamar a tashar mota.

Dariya ke taso min. Baba mai kwaɓi ya kashe inji, ya juyo gaba ɗaya. Ina ɗaga masa takardar, ina gyaɗa kai. Ya ɗaga hannu biyu sama, fulawa na zuba daga gwiwar hannunsa, bakinsa na motsi. Ya koma ya kunna injin. Shi ke nan. Ba sai an yi magana ba.

An gama. Tanderu nawa ne, mota tawa ce, matan nan za su dawo. Zan biya tarar kwana taran nan da farin ciki, wallahi har da godiya. Kafaɗuna sun sauko, ban san a ɗage suke ba. Barci nake ji irin na bayan haihuwa.

Saura kai.

An ce kana tuƙa motar wani mai sayar da katako. An ce ka rame. Matarka ta gaishe ni a asibiti ranar da aka kai Inna awo, gaisuwa cikakkiya, har ƙasa, ba ta bar min ko ƙofar da zan shiga ba. Me zan ce? Banki ya wanke ka? Kai ka san ba ka ci ba, ba ka bukatar hatimi. Ni ce na bukaci hatimi. Mutumin da ban sani ba ya juyo min da kwamfuta na yarda, kai da na goya a bayana ka ce "Yaya, ga su," na watsar. Sai da wata baƙuwa a saman kantin magani ta juya takarda…

Ita ma ta faɗa, muna saukowa daga matakalar bankin. Ta ce ƙanen nan naki mutum ne mai tsari, ba kowa ke rubuta taga da lokaci a bayan rasit ba.

Mai tsari? Kai? Kai da kake manta inda ka ajiye hularka tana kanka? Kai da ba ka taɓa rubuta ko lambar wayarka daidai ba? Shekara shida kana tsayawa a bakin banki, ka jingina takarda da bango, ka rubuta rana, ka rubuta ƙarfe, ka rubuta taga. Don wa? Banki ba ya tambaya. Inna ba ta karatu. Wa kake tsammanin wata rana zai tsare ka ya ce ina kuɗin…

Ni.

Tun ranar farko ka san zan iya.

Wayar da zan kira ka da ita tana cikin jaka, jakar tana can kan teburin awo, taku huɗu. Burodin yamma ya kusa fitowa, ina jin ƙamshinsa ya fara juyawa. Bari in ɗan ƙara zama tukuna. Zan kira ka… bari in ɗan ƙara zama.