Ɓawon Hano Daga Duwatsun Roni

Saude na karatun digiri na biyu a Kano lokacin da malamarta, Dakta Helen, ta ce kowa ya zaɓi tsiron da zai yi bincike a kansa. Ko tunani ba ta tsaya yi ba, ta rubuta hano.

Goggo Dela, yayar mahaifinta, ita ta rene ta a wata ruga da ke gindin duwatsun Roni. In ciki ya murɗa wa yaro, ko kaushi ya tsage har ya yi ruwa, ɓawon hano Goggo ke dafawa. Shekara uku ke nan da tsohuwar ta bi ɗanta Mamuda da shanunsa zuwa Taraba, saboda gonaki sun cinye wurin kiwo. Tun ranar Saude ba ta ƙara sa ta a ido ba.

Dakta Helen ta ce na kasuwa ba zai yi ba, sai wanda aka san inda ya fito. Saude ta shiga mota zuwa Kazaure, daga nan ɗan acaɓa ya kai ta Roni. Inda bukkokinsu suke a da, gero ne ya kai ƙirji. Ta hau dutsen ita kaɗai, ta tarar da bishiyar hano biyu sun rage. Ta ɓare gefe guda kawai, ta shafe wurin da taɓo yadda aka koya mata. Da ƙamshin ƙaron ya bugi hancinta, sai ta nemi wuri ta zauna, ta daɗe ba ta tashi ba.

A ɗakin gwaji ta shanya ɓawon a inuwa, ta niƙa, ta jiƙa, ta tace. Gwaji ya nuna akwai tanin, sinadarin da ke kawo bauri, da wasu masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Ta ɗiga ruwan a faranti mai ƙwayoyin cuta. Washegari ta ga sun yaɗu ko'ina, amma sun bar fili fes kewaye da ɗigon. Dakta Helen ta auna da rula, ta ce sakamakon ya yi kyau, sai dai a maimaita sau uku kafin a ce komai.

Kwana huɗu Saude na neman wayar Mamuda kafin ta shiga. Da aka miƙa wa Goggo, ta gaishe ta, sannan ta yi ta zuba mata bayanin faranti da rula. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe.

"To, madalla," in ji ta. "Amma ke kika hau dutsen da ƙafarki?"

Saude ta ce ita ce.

"Daga sama ana hango rijiyarmu har yanzu?"

Saude ta ce ana hangowa, kuma mata na ɗiban ruwa. Goggo ta ce a can Taraba ciyawa har ta yi yawa, shanu sun yi ƙiba, ita ce dai abinci ba ya yi mata daɗi.

Saude ta ce da zarar ta gama maimaita gwajin za ta zo. Goggo ta tambaye ta wata nawa ke nan, ta ce biyu. Tsohuwar ta ce Allah ya kai mu, sannan ta roƙe ta ta fara biyawa ta Roni, ta gano mata su wa suka rage.