Ƙaron Tsohuwar Baba Sirilo

"Tsaga uku kawai za ka yi mata, ta gefen gabas," in ji Baba Sirilo daga cikin ragar lilon da yake kwance. "Kuma ka gaishe ta tukuna, ka ce ni na aiko ka. Kada ka afka mata da adda kamar mai saran kabewa. Na san hannun nan naka."

'Yarsa Dominga ta yi dariya tana juya gurasar masara a bakin murhu. Maƙwabcinsu Hilario ma ya yi, sai dai tasa iyakarta haƙora. Yana tsaye a ƙofa yana murza bakin malafarsa, gumi na bin bayansa.

"Baba, ai akwai ƙaro a kasuwa. Ko gobe sai in..."

"Na kasuwa? Wanda ake cuɗawa da garin ɓawo? Haba, Hilario! Shekara hamsin ina aika wa Mai Tsauni da Kwari, mai dajin nan, gaisuwa da hayaƙin tsohuwata. Yanzu da tafiya ta zo sai in je masa da ƙamshin wata? Ta ina zai gane ni?"

"To, Baba," in ji Hilario.

Tsohuwar da ake magana bishiyar pom ce, mai zubar da ƙaron turare. Tana kan iyakar gonar Baba Sirilo da ta Hilario, tafiyar rabin sa'a daga gari, kuma babu gidan da bai ci moriyarta ba. Ɓawonta ake dafa wa mai ciwon ciki. Ranar da adda ta zame wa Hilario ta buɗe masa ƙwauri har ana hango ƙashi, ƙaronta Baba Sirilo ya narkar ya liƙe wurin, ga tabon nan har yau. Da 'yar Hilario ta faɗa kogi, firgita ta hana ta cin abinci, da hayaƙin ƙaron bishiyar tsohon ya je bakin ruwa ya kirawo kurwar yarinyar ta dawo gida.

Yau kuwa sati uku ke nan da Hilario ya ƙone ta.

Ba da gangan ba, wannan kam Allah ya sani. Ganda ce kawai. Ya share hanyar tare wuta ta gefe uku na sabuwar gonarsa, da ya zo kan na huɗu rana ta take, ya ce ai nan akwai danshi, wuta ba za ta ƙetare ba. Ya cinna. Iska ta juya. Kafin ya saro reshe ya fara bugu, bishiyar ta kama har kai, tana ƙara kamar mai a kasko. Tsohon yana kwance tun kafin nan, ƙafafu sun kumbura, don haka Hilario ya ja bakinsa ya yi gum. Matarsa Adela kaɗai ya gaya wa.

"Ka ce masa to?" Adela ta ɗago daga dutsen niƙa da ya koma gida. "To ɗin me? Gawayi za ka tsaga masa? Taku ashirin ne tsakaninmu da mutumin nan, koma yanzu ka buɗe baki."

"Ke ba ki ga yadda ya koma ba. Labarin nan ƙarasa shi zai yi."

"Oho, shi kake tausaya wa? Ni na ga kamar fuskarka kake tausaya wa."

Maganar ta soke shi, shi ya sa ya hau fushi ya suri adda ya fita. Ya haye kogi, ya kutsa daji wuni guda har ya samu wata pom siririya, ko kaurin cinyarsa ba ta kai ba. Ya yi mata tsaga uku, ya ɗaura ganye a ƙasa don ya tari abin da zai ɗiga. Gaisuwa kuwa bai yi ba. Da wane baki zai ce Sirilo ne ya aiko shi? Bayan kwana huɗu ya koma ya kankaro ɗan abin da ya taru, fari tas, ya ƙunshe a ganyen ayaba.

Dominga ta ɗebo garwashi a kaskon turare, ta barbaɗa ƙaron, ta kai kusa da ragar. Tsohon ya lumshe ido ya shaƙa. Ya sake shaƙa. Sannan ya buɗe idanun ya ɗora a kan Hilario. Babu faɗa a cikinsu, kallo ne kawai irin na mai jira.

"Wannan yarinya ce," ya ce. "Ƙamshinta da yaji-yaji. Ɗana, ko hanya ce ta ɓace maka?"

Ga ƙofa an wangale masa. Kalma nawa ce? Baba, na ƙone ta. Hilario ya ji sun hau har kan harshensa, ya ga Dominga ta tsaya da fifita wuta tana dubansa. Sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ita ce, Baba. Ciwo ne ya taɓa maka hanci."

Tir! Ko ranar gobarar bai ji ƙyamar kansa irin haka ba.

Baba Sirilo ya daɗe yana kallonsa. "Haka ne," ya ce a hankali. "Ƙafa ta tafi, hanci ma ya bi ta. Dominga, fitar da kaskon nan, yana sa ni tari." Ya juya fuska ga bangon katako, addu'ar da aka hura wutar dominta bai yi ta ba.

Kwana biyu Hilario yana kewaye gidan ta bayan ayaba kamar ɓarawon kaza. Romon talotalon da Adela ta dafa ma ya ƙi wuce masa. Rana ta uku da sassafe ya ce ya isa, yau zai faɗa ko ƙasa za ta tsage. Amma sai ya fara nufar gona, wurin da ya ƙi ɗaga kai ya kalla tun ranar.

Tana nan tsaye, baƙa ƙirin, ba ganye ko ɗaya. Tsofaffin tsagogi suna jere a jikinta, na Baba Sirilo da na ubansa kafin shi. Hilario ya cire malafa.

"Sannu, Tsohuwa," ya ce. "Sirilo ne ya aiko ni. Ni ne kuma na yi miki wannan."

Ya zagaya ta gabas. Can ƙasa tsakanin saiwoyi, inda wuta ba ta ci sosai ba, sai ga ƙaron da zafi ya narkar ya gangaro ya daskare, guda kamar ƙwan kaza, duk toka. Ya ɓamɓare shi da farce, ya kama hanyar gari gudu-gudu sauri-sauri.

Tun daga gangaren coci ya jiyo kukan mata.

An riga an sauke tsohon daga raga an shimfiɗe shi a kan katako, kyandir huɗu suna ci. Maƙwabta sun cika ɗakin. Dominga ta hango Hilario, ta fito ta same shi a gindin lemo, idanunta jajir.

"Fitarka ke da wuya ya cika," ta ce. "Sau biyu yana tambaya ko ka leƙo."

"Dominga, bishiyar nan..."

"Na sani. Shi ma ya sani." Ta share hanci da gefen rigarta. "Kai kana can kana bugun wuta, ba ka lura da inda iska ta nufa ba. Gari ta yo. Ranar gidan nan ya cika da ƙamshi kamar ana babbar addu'a. Ya yunƙura ya zauna a raga ya ce, 'Tsohuwata ce ke ci.' Ya yi kuka har ya gaji."

Hilario ya dafa bishiyar lemon.

"To, don me ya aike ni?"

"Na ce bari in je in wanke ka tas, ya hana. Ya ce shi ma yana saurayi ya taɓa ƙone wa wani gona. Ya ce, 'Bar shi, zai zo ya faɗa da bakinsa, ni kuma in ce masa ba komai da nawa bakin.' Kullum maganar tana ajiye a bakinsa, Hilario. Da ya ga ba ka zo ba, shi ne ya aike ka, ko faɗar ta zo maka da sauƙi."

Hilario ya buɗe hannunsa. Gudan ƙaron ya yi laushi don gumi, ya manne masa a tafi. Dominga ta dubi abin, ta shiga ta ɗauko kaskon ta miƙa masa.

Ya durƙusa wajen kan gawar, ya ɗora baƙin ƙaron a garwashi. Ya ɗan yi ƙara, ya narke. Hayaƙin ya tashi a hankali, mai nauyi, ya bi ta kan fuskar tsohon ya haura cikin jinka. Wata dattijuwa da ke zaune a lungu ta ɗaga kai ta shaƙa.

"A'a," ta ce, "ai wannan ta Sirilo ce."

Hilario bai ɗago ba. Ya ci gaba da fifita garwashin da malafarsa.