Mai Rubuta wa Rimsha

Kwana uku muna hawa benen ofishin jarrabawa, ni da mijina Liaqat da 'yarmu Rimsha, kuma har rana ta uku ban gane abin da suke so da mu ba. Ranar Alhamis za a rufe karɓar takardun 'yan aji tara. Wanda bai shiga ba sai baɗi, ga shi Rimsha ta riga ta yi asarar shekara guda.

Tana da shekara goma sha ɗaya idonta ya tafi. Makarantar kuɗin da take zuwa suka ce ba su da malamin da zai iya da ita, suka miƙo mana jakarta suna murmushi kamar kyauta suka ba mu. Tun daga lokacin a gida take karatu. Ni nake karanta mata littattafai, ita kuma ta riƙe a ka.

Ranar farko mutumin taga ta biyu ko kai bai ɗago ba.

"Firaibet ce?"

"Firaibet ce," in ji Liaqat.

"Taga ta biyar."

Na taga ta biyar ya juya takardar gaba da baya. "Ina hatimin hedimasta?"

"Ba ta da hedimasta, ɗan'uwa, a gida take karatu."

"To me ya sa kuka ce firaibet?"

"Ai firaibet ɗin ce!"

"Firaibet ta makaranta, ko firaibet ta gida?"

Ashe ɗan makarantar kuɗi firaibet ne, mai karatu a ɗakin uwarsa ma firaibet ne, kuma kowanne da tagarsa. Muka koma ta biyu, aka ce ai makauniya ce, mu tafi ta uku, wajen masu buƙata ta musamman. Ta uku suka ce sunayensu daga makarantun gwamnati ake turo musu, ina makarantarta? Wallahi na ji kamar in zauna a ƙasa in kurma ihu. Rimsha kuwa dariya take, wai ta haddace matakan benen, ashirin da biyu ne.

Rana ta uku aka haɗa mu da wani tsoho mai jan gemu na lalle, Mushtaq Sahib, wanda aka ce shi kaɗai ya san kan dokar. Ya ture kofin shayinsa, ya karanta takardunmu da yatsa.

"Komai ya yi. Saura raita."

Na dubi Liaqat. Raita dai da na sani nono ne da kokwamba, na ci da shinkafa. Na ce, "Sahib, da mun sani ai da na dama na taho da ita."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Baji, 'yar'uwa, ba ta ci ba! Raita ta Turanci, mai rubutawa. Yarinya ta faɗi amsa, wata ta rubuta mata. Mace, tunda zauren mata ne. Kuma dole karatunta ya gaza na mai jarrabawar, aji takwas zuwa ƙasa, kada ta riƙa ba ta amsa."

"Wato wadda ta iya ba a so, sai wadda ba ta iya ba?" in ji Liaqat.

"Wadda ta iya rubutu amma ba ta iya karatun ba. Hedimasta ne ke zaɓowa daga 'yan ajin da ke ƙasa da nata."

"Ba mu da hedimasta!"

"To ku nemo. Gobe ƙarfe biyu nake rufewa."

Mun nema. Tsohuwar makarantarta suka ce ba ɗalibarsu ba ce. Ta gwamnati suka ce 'yar firaibet ta je wajen 'yan firaibet. 'Yar maƙwabciyarmu tana aji bakwai, amma ubanta ya ce ba za ta bar nata karatun na sati uku ba, kuma ban ga laifinsa ba. Da yamma Rimsha ta ƙi cin abinci. Ta ce, "Ammi, bar shi kawai, baɗi ma shekara ce." Muryarta ce ta karya min zuciya, don ta faɗe shi ne kamar wadda ta saba.

Da safe na buɗe akwatin aurena, na zaro wata takarda daga ƙarƙashin mayafai, na cusa a jaka.

Ni dai a gidan su Liaqat matar da ta gama aji goma ce. Haka goggona ta faɗa ranar da suka zo ganina, surukata kuma ta yi ta yawo da maganar a unguwa. Ban taɓa cewa e ba, ban kuma taɓa cewa a'a ba, shekara goma sha tara.

A gaban Mushtaq Sahib Liaqat ya fara roƙo a ƙara mana kwana biyu. Na ajiye takardar a kan tebur. Kunya kamar ta kashe ni.

Tsohon ya karanta. "Shagufta Parveen. Ta bar makaranta a aji takwas. Wace ce wannan?"

"Ni ce."

Liaqat ya ce, "Ke wa? Ke da kika gama aji goma?"

"Ban gama ba. Ko aji tara ban taka ba."

Ya dubi tsohon kamar shi zai warware masa. Rimsha ta juyo da fuskarta wajen muryata.

"Ammi, to wa ya koya min lissafin aji tara?"

"Ni. In kin kwanta da rana sai in koyi na gobe."

Mushtaq Sahib ya shafa gemu. "To ai kin san karatun ke nan. Doka ta ce wadda ba ta sani ba." Ya buɗe wani kundi, ya rufe, ya kira na taga ta uku, suka yi ta gardama a kan ko uwa tana cikin waɗanda aka hana. Wannan ya ce tana ciki, wancan ya ce a nuna masa layin. Ba a samu layin ba. Ƙarfe biyu saura kwata tsohon ya ce, "Ni cikin kan mutum ba na iya leƙawa. Takarda ta ce takwas." Ya buga hatimi.

Liaqat ya riga mu sauka, wai zai tsayar da abin hawa. Rimsha ta riƙe damtsena muna sauka a hankali. Ni kuwa jira nake ta ce na yi mata ƙarya.

"Ammi," ta ce, "rubutunki yana karantuwa kuwa?"

"Ban sani ba, 'yata. Shekara ashirin da huɗu ba wanda ya duba."

"To mu tsaya mu sayi biro. Yau za ki fara, ni zan riƙa faɗa miki."