Ɗanyen Ƙwan Tarwaɗar Sagiru

Garaje ba ƙarfi ba ne, kuma shi ya kai Sagiru mutumin Kademi ya baro.

Wata shekara, ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai. Abin da Sagiru ya ɗaure bai kai dami goma ba, ga baki bakwai a gida. Ba abin da ya rage masa sai tarwaɗa biyu, mace da namiji, a tankin siminti bayan ɗaki, shekara biyu yana kiwonsu. Shawararsa ita ce ya tatsi ƙwan macen ya ƙyanƙyashe, ya zuba 'ya'yan a kududdufin gonarsa su girma kafin ya ƙafe. Ya kafa kara a bakin ruwan. Kullum safiya sai ya tarar ruwa ya ja da baya ya bar karan a taɓo.

Ya kira Gwaggo Indo, yayar ubansa, wadda ta shekara arba'in tana bandar kifi. Ta ɗan danna cikin macen, ta duba abin da ya fito a tafin hannunta.

Ta ce, "Ɗan nan, ƙwan bai nuna ba. Fari ne, a manne. Nunanne ruwan ƙasa-ƙasa yake, ɗai-ɗai kamar tsabar gero. Ba ta Juma'a biyu."

"Gwaggo, kududdufin zai jira ni Juma'a biyu? Dubi cikin nan fa, kamar tulu!"

"Ni ma ga nawa tulun a gaba, haihuwa zan yi? Rabinsa kitse ne."

"Ku na da ne, Gwaggo. Yanzu allura ake yi mata, ƙwai ya zubo."

"Allura nunanne take kira, ba ta dafa ɗanye. To tunda kunnenka na ƙashi ne, riƙe wannan: kada ka taɓa namijin sai ka ga ƙwai yana zuba da kansa."

Dalili kuwa, namijin tarwaɗa ba a tatsarsa. Sai an farke shi a ciro ruwan da ke ba ƙwai rai, ruwan kuma ba ya jira.

Sagiru ya hau babur ya je Gaya ya sayo allura, ya yi mata. Washegari da hantsi ya leƙa kududdufi, ya ga karan nan tsaye a busasshiyar ƙasa. Ya dawo a gaggauce. Wai don ya rage aiki, sai ya fara da wuƙa, ya farke namijin. Sannan matarsa Zulfa ta rufe kan macen da jiƙaƙƙen tsumma, shi kuma ya danna cikinta.

Ko ɗigo.

"Malam, a hankali," in ji Zulfa.

"Riƙe min ita kawai! Ba ni da wani namijin!"

Ya danna, ya ƙara dannawa yana salati, gumi na shiga masa ido. Daga ƙarshe wani farin curi ya fito haɗe da jini. Ya zuba masa ruwan namijin, ya juya da gashin kaza, ya shimfiɗa a baho ya zauna gadi. Ihu bayan hari! Kafin la'asar macen ta juyo ciki sama. Kashegari baho ya ɗau wari, ko ɗa ɗaya bai motsa ba.

Da Gwaggo ta farke macen za ta yi banda, sai ga jaka biyu cike da ƙwai, gefensu ya fara rinewa. Ta ɗora masa a hannu.

"Ungo 'ya'yanka. Kwana kaɗan suka nema."

Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Namiji ya tafi, mace ta tafi, kiwon shekara biyu ya tafi. Ƙwai dubbai ya tafi, ruwan damina ya ƙafe ba kifi ko ɗaya a ciki. Abin da ya rage wa baki bakwai shi ne bandar kifi biyu, miyar kwana biyu.