Baƙin Garin Malama Sulbha

"Ba za a saka mini ba," in ji Malama Sulbha Kulkarni. "Mayar da batirinka aljihu."

Likitan ɗan wanta ne, shi ya sa ya ɗaga murya. "Gwaggo, zuciyarki tana tsallake bugu! Gobe za a yi aikin dasa miki na'urar daidaita bugun, na gama magana."

"Ni na yi maka wankan jarirai, Nikil. In an dasa mini abin nan, zan iya tsayawa kusa da babban maganaɗisun ɗakin gwaji?"

Ya girgiza kai.

"To ka gani."

Ketaki tana bakin ƙofa riƙe da kwanon gurasar bakri da miyar wake. Ɗakinta ne ke kallon na Malama a benen nan na birnin Kolhapur, kuma ɗalibarta ce a jami'a. Ta san abin da ya rage a binciken Malama. Baƙin garin ƙarfen da suke toyawa don shafa wa zaren ajiyar bayanai yana da taurin kai: in ya riƙe abu ba ya saki, amma ba ya yarda a rubuta masa sabo. Suna ta rage ƙarfen cikinsa suna maye gurbinsa da sinadaran kobalt da titaniyam. In suka yi kaɗan bai rusuna ba, in suka zarce ya zama mai mantuwa.

"Ke ma ki yi mata magana mana!" likitan ya ce.

Ketaki ta ajiye kwanon. "Ni zan riƙa kai ta ɗakin gwajin a babur ɗina."

Haka aka yi. Unguwa ta yi ta surutu wai Ketaki za ta kashe tsohuwar, matar mai gidan ta daina amsa gaisuwarta. Ketaki ba ta sunkuyar da kai ba. Kullum ta goyo tsohuwar, ta riƙe ta a matakala suna hutawa, ta niƙa gari, Malama ta auna.

"'Yar nan, niƙa kike ko shafa masa kai?"

"Inna, ki zauna kafin ki faɗi a ce ni ce."

Ranar da damina ta sauka, layin awon ya fito a allon kwamfuta yadda suke nema: garin ya karɓi rubutu, ya kuma riƙe. Malama ta sa aka maimaita. Ya sake fitowa. Ta buga tebur ta yi dariya har da tari.

"Je ki sayo alkakin jilebi! Ki kai wa Nikil nasa."

Sati bai zagayo ba aka sami Malama da safe a kujerarta ta baranda ta cika, shayinta ya huce.

Likitan bai yi faɗa ba. "Da ta yarda, da ta ƙara shekara goma," ya ce. "Wata huɗu ta samu."

"Ta sani," in ji Ketaki. "Ni ma na sani."

Da matan benen suka zo yi mata wanka, baƙin garin ya ƙi fita daga ƙarƙashin faratanta. Wata ta ɗauko tsinke.

Ketaki ta riƙe hannun matar. "Bar mata."