Rubutun da Aka Haɗa da Nono

Tun da aka haifi Munzali, Haulatu ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta ɗauke shi a gaban mutane. Ɗan fari ne, alkunya ta hana. Uwar mijinta, Inna Laraba, ita ke riƙonsa, ita ce kuma ta goyo shi a kan babur daga Sandamu zuwa asibiti a Daura ranar da za a yi masa aikin kaba. Shekararsa huɗu.

An gargaɗe su kada komai ya shiga cikinsa da safen. Amma kafin su fito, Haulatu ta ga Inna ta juye rubutun da malamin unguwa ya aiko cikin ƙoƙon nono, saboda yaron ba ya shan sa zalla, ta ba shi ya shanye.

A ƙofar ɗakin tiyata, Sista Murjanatu, mai ba da maganin barci, ta fito da takarda a hannu.

"Iya, ya ci wani abu yau?"

"Ko loma ɗaya," in ji Inna. "Maigidan nawa har fushi yake da ni."

Kan Haulatu ya ɗaure. Inna ba ƙarya ta yi ba, a wurinta rubutu ba abinci ba ne. To nonon fa? Kuma mene ne haɗin ciki da barci? In ta yi magana, ta ƙaryata surukarta a gaban baƙuwa, kuma a kan ɗan fari. In ta yi shiru, ba ta san abin da zai same shi a can ciki ba. Sista ta riga ta miƙa hannu za ta karɓi yaron.

"Ya sha nono," in ji Haulatu, idonta a ƙasa. "Da rubutu."

"Ke wace ce tasa?"

Haulatu ta dubi Inna.

"Uwarsa ce," in ji Inna. "Yau na ga ikon Allah! Yanzu ayar Allah ce za ta cuce shi?"

"Ba ayar ba, Iya, nonon. In na sa shi barci, abin da ke cikinsa yana iya tasowa ya faɗa huhu, ga shi ba ya iya tari. Sai mu rasa numfashinsa. Ku jira bayan azahar, kada a ba shi komai."

Suka koma kan benci. Inna ta daɗe tana jan carbi ba ta dubi kowa ba. Da Munzali ya fara kukan yunwa, sai ta ɗaga shi ta ajiye a cinyar Haulatu.

"Tunda bakinki ya buɗe, riƙe shi. Ni in ya yi kuka, ba shi zan yi."

Haulatu ta rasa inda za ta sa hannuwanta. Yaron ya ɗago kai yana kallonta kamar baƙuwa.

"Yi haƙuri," ta ce masa a hankali. "Sai an gama."